Sabuwar Ma'aikaciyar Jin Daɗin Jama'a: Ina Aikinki Ya Fara, Ina Ya Tsaya?

Wasiƙar wannan makon daga wata matashiya ce da aka ɗauka aiki kwanan nan a sashen jin daɗin jama'a na wata ƙaramar hukuma a Jihar Kano. Ta ce matsayinta mataimakiyar jami'ar walwala, amma har yau babu wanda ya zaunar da ita ya ce ga aikinta. Yau a aike ta gidan tsohuwar da ba ta da mai duba ta, gobe a ce ta zauna da mata da mijin da suka rabu suna rigima kan kuɗin ciyar da yara. Rabin albashinta a kuɗin motar mutane da maganinsu yake ƙarewa. Makon jiya kuma wata uwa ta kawo 'yarta 'yar shekara 9 da wani maƙwabci ya yi wa fyaɗe, dangi suka biyo bayanta suna roƙon a taimaka a kashe maganar a gida. Tambayarta ita ce, mene ne nata a cikin duk wannan, mene ne kuma ba nata ba?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari mu fara da yarinyar nan, don ita ce ba ta jira.

Idan har yanzu likita bai gan ta ba, ki ajiye jaridar nan ki nemi mahaifiyarta. Maganin da ke kare wanda aka yi wa fyaɗe daga kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma gara a awa ta farko da ta ƙarshe. Ga wadda ta balaga, akwai maganin hana ɗaukar ciki da ake iya bayarwa har zuwa kwana 5. Na san mako ya wuce, amma wannan ba dalilin zama ba ne: akwai rauni da za a duba, akwai gwajin jini, akwai maganin sauran cututtukan sanyi, ga rahoton likita da kotu za ta nema. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, wadda aka buɗe domin irin wannan. A Kaduna cibiyoyin Salama ne. Nan gaba idan aka kawo miki irin wannan da zafinsa, ki ce kada a wanke kayan da ke jikin yarinyar, a naɗe su a takarda ko ambulan, ba a leda ba, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida.

Kada ki titsiye yarinya da tambayoyi. Ki bar ta ta faɗi abin da za ta iya faɗa, ki rubuta shi da kalmominta, yadda ta furta, ko da maganar yara ce. Kada ki ce mata "Wane ne, ko?" domin lauyan wanda ake tuhuma zai ce ke kika sa mata suna a baki. Sau ɗaya ya isa a wajenki. Kowane maimaici sabon ciwo ne a gare ta, kuma tana da sauran bayani a gaban likita da 'yan sanda. A ranar kuma ki sanar da shugabar sashenki a rubuce.

Batun dangi kuwa, kada ki ɗauke su miyagu. Tsoro ne ya kawo su: tsoron bakin unguwa, tsoron kada yarinya ta girma ta rasa mijin aure, wani lokaci kuma tsoron maƙwabcin da ya fi su ƙarfi. Ki ba su wurin zama, ki saurare su, sannan ki gaya musu gaskiya cikin ladabi: "Baba, wannan ba ya cikin abin da nake da ikon sasantawa." Fyaɗe laifi ne da hukuma ke tuhuma, ba bashi ba ne da za a yafe a zaure. Mutumin da aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani gidan zai tare a lungu. Abin da za ki iya yi musu alkawari shi ne maganar ba za ta fita daga bakinki ba sai ga waɗanda aiki ya wajabta. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana a wallafa suna, hoto ko makarantar yaron da maganarsa ke gaban kotu, Jihar Kano kuma ta sami tata dokar ta kare yara a 2023. Ki nemi kwafinta ki ajiye a durowarki.

Daga nan za ki gane asalin aikinki. Ke ce idon ofis da ƙafarsa: ki je ki gani, ki rubuta, ki haɗa mutum da inda taimakonsa yake, sannan ki koma ki duba ko ya samu. Yanke hukunci na alƙali ne, rubuta magani na likita ne, kame na 'yan sanda ne. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a wannan aiki ba mugunta ke jawo ta ba, tausayi ne da ya wuce gona da iri.

Ɗauki ziyarar tsohuwar nan. Kafin ki shiga, ki biya ta wajen mai unguwa ki gaishe shi, ki ce ga abin da ya kawo ki. Ranar da za ki buƙaci wanda zai tara 'ya'yanta, shi ne zai yi miki. Ki bar wa ofis labarin inda kika tafi da lokacin da za ki dawo. Idan kin shiga, kada ki dogara da amsar "lafiya lau", domin tsohuwar Bahaushiya ko kwana biyu ta yi ba ta ci ba, haka za ta ce miki. Ki leƙa randa ki ga ko da ruwa. Ki dubi murhu, tokar ta yau ce ko ta kwana uku? Ki nemi katin asibitinta da kwalin maganin hawan jininta, ki ƙirga abin da ya rage ki gwada da ranar da aka ba ta. Idan a kwance take, ki nemi izininta ki duba ƙugunta da diddigenta, nan gyambon kwanciya yake fara fitowa. Ki tambaye ta wa ya shigo jiya, wa yake raka ta bayan gida. Sannan ki tambaye ta ita me take so, domin wata ta fi son ta zauna a ɗakinta da ƙarancin abinci da a kwashe ta a kai ta gidan suruka, kuma muddin hankalinta na nan, zaɓin nata ne.

Idan kin koma ofis, ki rubuta tun kafin ki manta, da kwanan wata da lokaci. Ki raba abin da kika gani da abin da kike zato. "'Ya'yanta ba su da imani" ra'ayinki ne, kuma ba zai tsaya a gaban kowa ba. "Ta ce babu wanda ya shigo tun ranar Juma'a, na tarar randa ba ruwa, maganinta ya ƙare" shi ne rahoto. Fayil a kabad mai makulli yake kwana, ba a jakarki ba, ba kuma a zauren WhatsApp na ƙawaye ba. Wannan ɗabi'a da ta zama yayi, ta a tsayar da marainiya ko bazawara da buhun shinkafa a ka a ɗauke ta hoto a watsa a Facebook, ni dai ban ga taimako a cikinta ba. Wanda yunwa ta kawo shi ba ya iya cewa a'a, don haka shirunsa ba yarda ba ce.

Wani abu kan sirri: kada ki taɓa ce wa mutum "Faɗa mini, wallahi ba wanda zai ji." Ki ce masa tun farko za ki riƙe maganarsa, sai dai idan akwai rai ko yaro cikin haɗari, to dole ki kai gaba. Wanda ya ji haka tun a bakin ƙofa ba zai ce kin ci amanarsa ba.

Rigimar ciyarwa tana cikin abin da ake sulhu a kai. Ki ji kowa shi kaɗai tukuna, don mace ba ta sakin baki a gaban tsohon mijinta da yayyensa. Idan sun daidaita, a rubuta nawa ne, ranar nawa ga wata, ta hannun wa, kowa ya sa hannu a gaban jami'ar da ke samanki. Idan abin ya ƙi, ko ya koma kan wa zai riƙe yara, kotu za ki nuna musu. Wadda ba ta da kuɗin lauya, ki haɗa ta da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Haka jaririn da aka tsinta: asibiti, rahoton 'yan sanda, sannan ma'aikatar mata, wadda gidan yara na Nassarawa ke ƙarƙashinta. Kada ki miƙa shi ga wata baiwar Allah don ta daɗe tana neman haihuwa kuma ta yi miki kuka. Riƙo yana da hanyarsa ta hukuma, kuma wanda ya tsallake ta yana iya tsintar kansa yana amsa tambayoyin hukumar NAPTIP kan safarar yara, komai kyan niyyarsa.

Sai maganar albashinki. Ki daina. Na san da wuya ki kalli uwa da yaro mai zazzaɓi ki ce ba ki da shi, amma dubi abin da ke biyo baya. Wadda kika ba ɗari biyar yau za ta dawo jibi, wadda ba ki ba ba za ta ce kina son kai, ofis kuma ba zai taɓa sanin akwai giɓi ba tunda aljihunki yana toshe shi. Kafin shekara ta zagayo kin gaji, kin fara ɗaure wa mutane fuska. Abin da ya fi amfani shi ne ki buɗe littafi ki rubuta duk wanda ya rasa kuɗin mota ko na magani, ki kai wa shugabarki a ƙarshen wata da adadi. Ki kuma san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa: Hukumar Zakka da Hubusi, ofishin walwala na cikin asibiti, shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, kwamitin masallacin unguwa, ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman. Ki san sunan mutum ɗaya da lambarsa a kowace, domin takardar turawa da ba a bi ta da waya ba, a ƙasan jaka take tsufa. Kyauta ma haka: kaza ko turmin atamfa daga wanda fayil ɗinsa ke hannunki, ki yi godiya ki mayar.

Ki ware layin waya na aiki, ki kashe shi idan kin tashi, ki ba mutane lambar gaggawa ta 112 da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. Labaran da za ki riƙa ji masu nauyi ne. Idan kin ga barci ya fara gagararki, ki faɗa wa wadda ta riga ki a aikin, ba abin kunya ba ne.

Ranar Litinin ki shiga wajen shugabar sashenki ki roƙi abu biyu: takardar da ta fayyace ayyukanki, da zama na rabin awa kowane mako don ku bi fayilolin da ke hannunki ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ce babu irin wannan takarda, ki rubuta abin da kike yi da hannunki, ki kai mata ta gyara ta sa hannu, ki ajiye kwafi. Allah Ya yi miki jagora.