Yadda za ka caja batirin motarka ba tare da ka ƙona mata kwamfuta ba

Tambaya: Motata ta daɗe a ajiye, batirin ya sauka. Zan iya jona masa caja yana jikin motar?

Amsa: Malam, da ƙaramar caja ta zamani mai sarrafa kanta, ba laifi. Amma irin ƙatuwar nan ta masu cajin batir a bakin tasha, cire shi tukuna, domin wutarta kan haura abin da kwamfutar mota ke iya ɗauka.

Kashe mota, zare makulli. Fara kwance baƙin kai mai alamar (-), sannan ja mai alamar (+). Wajen mayarwa, ja ne farko. Dalili kuwa, baƙin yana haɗe da ƙarfen motar; idan sifana ta taɓa ja da bodi alhali baƙin na ɗaure, tartsatsi zai tashi.

Kada ka yi gaggawa. Batiri mai 60Ah, amfiya 6 ta ishe shi, ko da zai kwana. Maƙala wayoyin kafin ka kunna cajar, ka kashe ta kafin ka cire su. A yi a fili, ban da sigari, saboda batiri na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. In ya huta, cikakke zai nuna kusan bolt 12.6.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar wasu masu gyara: a ari batiri a tayar da mota, sannan a zare shi inji na aiki. Wutar altanaita kan yi tsalle a lokacin, ta ƙone kwamfutar. Ko wa ya ce maka a yi haka, kada ka yarda.