Motsa Jiki ga Mai Juna Biyu: Tsaka-tsaki Shi Ne Hanya

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi mace mai juna biyu da yadda za ta motsa jikinta ba tare da ta cutar da kanta ko abin da ke cikinta ba.

A garuruwanmu mata masu ciki sun kasu kashi biyu. Akwai wadda take wuni a zaune a ɗaki, an tsoratar da ita cewa motsi yana kawo ɓari. Akwai kuma wadda ba ta san hutu ba, daga daka sai jan guga, daga rijiya sai itace, har ranar naƙuda. Dukkansu an kauce da su daga hanya madaidaiciya.

Ku sani motsa jiki ba abin kunya ba ne ga mace. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi wa mai ciki lafiyayya wasiyya da motsi matsakaici na minti 150 a mako, kamar minti 30 a kwana 5. Amfaninsa shi ne rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari na masu ciki da ƙiba mai yawa, kuma ba ya ƙara haɗarin ɓari.

Mafi sauƙinsa tafiya da ƙafa, ko da kewaya tsakar gida ne. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10, tana ƙarawa sannu a hankali. Ma'aunin kuwa shi ne ta iya magana tana cikin tafiya. Idan numfashi ya hana ta magana, to, ta wuce iyaka. Haka nan ta riƙa matse tsokokin ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ta ƙidaya 5, ta saki, sau 10 a jere kullum, domin yana rage yoyon fitsari lokacin tari ko atishawa.

Ga sharuɗɗan da za ta kiyaye. Na farko, ta guji zafin rana. A bazara, a Damagaram da Tahoua da Yamai, zafi yakan wuce digiri 40, saboda haka ta zaɓi bayan asuba ko sanyin yamma, ta sha ruwa kafin ta fara da bayan ta gama. Na biyu, bayan wata 3 ta bar motsin da ake yi a rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Kwanciya a gefe ta fi. Na uku, ta nisanci tsalle da duk abin da zai iya kayar da ita ko ya bugi cikinta, domin gaɓoɓin mai ciki sukan saki.

Idan ta ga jini ko ruwa yana zuba, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko kumburin sha-raɓa mai zafi, ko ciwon mara mai zuwa yana komowa, ko motsin ɗa ya ragu, ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Wadda aka gano mata ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, kada ta fara sai da izinin likita. Ba a sanin waɗannan sai a wurin awon ciki, wanda OMS ta ce tun 2016 a je sau 8 aƙalla.

Ya kai maigida, wannan amana tana wuyanka. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ɗaukarta a tsakiyar rana wahala ce, ba ita ce motsin da ake nufi ba. Ka ɗauke mata, ko ka biya mai ga-ruwa, ka kai hatsi inji, ka ba ta izinin zuwa awo, ka raka ta idan da hali. Shari'a da kanta ta sassauta mata: idan tsayuwa ta gagare ta, ta yi salla a zaune, idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, ta sha azumi ta rama daga baya. Wanda Allah ya sauƙaƙa wa, bai kamata miji ko uwar miji su tsananta mata ba.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya ba mu zuriya ɗayyiba. Allah shi ne mafi sani.