ALAT BA KUƊI BA NE: DARASI GA MASU CINIKI DA WAYA

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan tsare dukiya ne, musamman ga mutanenmu na Birnin Gwari da garuruwanta irin su Kuyello, Randagi, Dogon Dawa da Damari.

Duk wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ko ta Funtuwa, ya san abin da ya sa mutane suka rage yawo da tsabar kuɗi. Shekara da shekaru 'yan bindiga na fitowa daga dazukan Kamuku da Kuyambana suna tare hanya. Sai kuma ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000. A lokacin har mai shayi da mai ƙosai sai da suka koyi karɓar tiransfa, OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga aljihun kowa. Da aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba 2024, ciniki ya farfaɗo, kuma yanzu kuɗin sa guda ko na buhunan masara ta waya suke wucewa.

Wannan sauƙi ne daga Allah, mun gode maSa. To amma ɓarawo ma ya bi kuɗin har cikin wayar. Na daji da bindiga yake ƙwata, shi kuwa na waya ba ya iya shiga sai kai ka buɗe masa da hannunka. A Suratul Hujurat, aya ta 6, an umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu zo muna nadama. Saƙon da ya shigo wayarka shi ma labari ne. Ga ƙofofi biyar da ake shigowa ta cikinsu.

1. Alat na bogi. Misali, ka sayar da masara buhu ashirin, an gama lodi, mai saye ya nuna maka rasit a wayarsa, kai ma saƙo ya shigo maka. Ka sani, ana iya ƙirƙirar rasit, ana iya turo saƙo da sunan banki. Hujja ɗaya ce: ka buɗe manhajarka da kanka, ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke asusunka. Mun san matsalar sabis a ƙauyukanmu, kuma da ita macuci yake fakewa: "Haba Alhaji, sabis ne, zai shigo, ga direba na jira." Idan sabis ne, kayan ma su jira sabis ɗin. Ko ku taka tare zuwa wurin mai POS ya cire ya ba ka a hannu. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce a tabbatar.

2. Kiran "daga banki". Zai kira ka da ladabi, ya faɗi cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka yau idan ba a gyara BVN ko NIN ba. Abin da ya sa ake yarda shi ne da gaske a Disamba 2023 Babban Banki ya ce a haɗa asusu da waɗannan lambobi. Daga nan sai ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo maka yanzu. Wannan lambar, wato OTP, ita ce makullin da ya rage masa. Babu bankin da zai kira ka ya nemi OTP ko lambar sirrinka ko lambobin jikin katin ATM. Ka kashe wayar kawai. Haka saƙonnin WhatsApp na "tallafin gwamnati" ko "rancen manoma" da ke cewa ka latsa ka cike bayananka.

3. "Na turo maka kuɗi bisa kuskure, don Allah ka maido." Da farko ka duba, sau da yawa babu abin da ya shigo. Idan kuma sun shigo da gaske, to ba naka ba ne, cin su haramun ne, ba wani "rabo daga Allah". Amma kada ka tura su wani asusu daban da ya ba ka, domin mai yiwuwa kuɗin sata ne ake so a wanke ta hannunka. Ka sanar da bankinka, a mayar da su inda suka fito.

4. Aron asusu. Matasa, wannan taku ce. Wani zai ce maka, "Ba ni akawun ɗinka za a turo min kuɗi, zan ba ka na kati." A yanki irin namu, kana da tabbacin ba kuɗin fansa ba ne, ko na shanun sata? Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun kuɗin, sunanka da BVN ɗinka za su gani, shi kuwa ya ɓace. Ga zunubin taimaka wa zalunci, ga ɗaurin duniya.

5. Riba mai yawa ba ciniki. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ma ta yi haka a Afrilu 2025. Salon ɗaya ne: da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko, har ranar da za a kulle. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tambaye shi me ake saye, me ake sayarwa. Idan ba amsa, ka riƙe kuɗinka.

Sai batun iyayenmu da ba su iya karatun boko ba. Za ka ga dattijo ya miƙa kati ga yaron POS, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi a bainar jama'a, wani ma a jikin katin ya rubuta ta. Ya kamata kowane gida a samu amintacce guda da zai riƙa raka su. Ku kuma masu POS, amana ce a wuyanku: ku juya masa na'urar ya danna da kansa, ku karanta masa adadin da ƙarfi, ku ba shi rasit.

Idan wayarka ta ɓata ko aka ƙwace ta, kada ka tsaya jimamin wayar. Layin da ke ciki ya fi ta haɗari, domin ta nan OTP ke shigowa. Nan take ka ari waya ka sa a rufe asusun, sannan a rufe layin. Tun yau ka nemi lambar rufe asusu ta bankinka ka rubuta a takarda, ka kuma sa wa layinka lambar sirri.

Idan kuma an riga an cuce ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka kai ƙorafi banki a ranar, domin da an yi jinkiri sun kwashe. Ka adana rasit da lambar da ta kira ka, ka sanar da 'yan sanda ko EFCC, suna da ofis a Kaduna. Idan mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Wani zai ce ai abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne, amma Annabi (S.A.W) ya koyar da mai raƙumi ya fara ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Duba asusunka kafin mota ta tashi, shi ne ɗaure raƙuminka.

Ku karanta wa waɗanda ba su da Facebook, musamman ranar kasuwa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya. Wallahu a'alam.