Ba Wa Maigida Ƙoda: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Aiki Da Bayansa

Darasinmu na wannan fitowa a kan tambayar da kan faɗo wa uwargida ne ranar da likita ya ce ƙodar maigida ta daina aiki: shin zan iya ba shi tawa?

Ƙoda biyu Allah Ya ba kowa, aikinsu tace jini da fitar da dauɗa ta hanyar fitsari. Hawan jini da ciwon suga na kan gaba wajen lalata su. In duka biyun suka gaza sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako. Ga mazauna Birnin Gwari da ƙauyukan gefen dajin Kamuku, wannan na nufin sintiri zuwa Kaduna ko Zariya, ga kuɗin wanki ga na mota. Shi ya sa likitoci kan kawo shawarar dashe. An fara dashen ƙoda a Najeriya a Asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002.

Me Shari'a ta ce?

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta mai rai ya ba da irin wannan gaɓa, matuƙar ba za ta halaka shi ba, kuma ya bayar da yardarsa. Ta haramta sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana cinikin sassan jiki, ta kuma hana cire ƙodar wanda bai kai shekara 18 ba.

Ki lura da kalmar yarda. Wannan kyauta ce, ba ta cikin haƙƙoƙin aure da suka wajaba a kanki. In kin bayar kina da lada mai girma, in kin ji ba za ki iya ba, babu zunubi. Kada surutun dangin miji ko gasa da abokiyar zama su ja ki ɗakin tiyata. Ki yi istihara, ki shawarci iyayenki, ki nemi ganin likita ke kaɗai.

Gwaje-gwaje

Ba dole sai ɗan'uwa na jini ba, ƙodar mata kan dace da miji. Za a duba rukunin jininku: mai O kan ba kowa, mai AB kan karɓa daga kowa. Za a haɗa jininku a gani ko jikinsa zai ƙi ta, a auna ki hawan jini, suga da ciwon hanta, a ɗauki hoton ƙodojinki. Kada ki ɓoye wata cuta don son a karɓe ki. In kuma ke ce marar lafiyar, ki faɗa wa likita yawan cikin da kika yi, don ciki kan sa jikin mace ya ƙi ƙodar uban 'ya'yanta.

Bayan aiki

A nan ake yawan yin sakaci. Hankalin kowa ya koma kan maigida, a manta ke ma an yanka ki. Ki kiyaye waɗannan:

1. Bayan 'yan kwanaki za a sallame ki, amma sai kin yi kamar mako shida ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar itace ko goyo. Tun kafin aiki ki tanadi wadda za ta riƙe miki gida.
2. Ki riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, ki sha ruwa isasshe, ki rage gishiri da dunƙule.
3. Ki guji jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Ƙoda ɗaya gare ki yanzu.
4. Zazzaɓi, ruwa daga wurin ɗinki, ko ƙarancin fitsari, a koma asibiti nan take.
5. Za ki iya haihuwa in sha Allahu, amma likitoci kan so a jinkirta ciki wata shida zuwa shekara. Ki riƙi awo da gaske, don hawan jinin masu ciki ya ɗan fi kusantar wadda ta ba da ƙoda.
6. Duk shekara a auna miki jini da fitsari. Batun azumi kuwa, ki tambayi likitanki tukuna.

Shi kuma maigida zai sha maganin hana jiki ƙin ƙodar har ƙarshen rayuwarsa. In ya daina, ƙodar na iya mutuwa, wahalarki ta tashi a banza. Don haka ku zauna da dangi ku lissafa kuɗin maganin kowane wata tun kafin a sa ranar aiki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.