Yadda na mayar da firiza randar zoɓo mai famfo

Gwaggona tana sayar da zoɓo a Kwanar Ɗangora, a ƙaramar hukumar Ƙiru, inda motocin Kano da Zariya da masu gangarawa Tudun Wada da Doguwa ke tsayawa. Jarinta duka firiza ce guda ɗaya, irin ta kwance mai marfi a sama. Matsalar ita ce idan wuta ta zauna, zoɓon ya daskare, robobi su kumbura su tsage, direba kuma ba zai jira ƙanƙara ta narke ba. Da na je hutu gab da azumi sai ta ce, "Kai da kake karatun lantarki, ba za ka duba min abin nan ba?" Ga abin da na yi, ko wani zai amfana, musamman masu neman furojet.

Dabarar ba tawa ba ce. A Amurka masu haɗa giya a gida ne suka yayata ta. Mu nan ba ruwanmu da giya, amma ilimin sanyin ɗaya ne.

Da farko a gane cewa an ƙera firiza ne ta kai wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Zoɓo kuwa digiri 3 zuwa 4 yake so: ya yi sanyi, bai daskare ba, kuma yana ƙasa da digiri 5, inda ƙwayoyin cuta ke fara yaɗuwa da sauri. Don haka sai a samo mata wani mai ba da umarni daga waje. Na yi amfani da STC-1000, ƙaramar na'ura mai sansa. Ƙafa ta 1 da ta 2 na wutar shiga ne, 3 da 4 na sansa, 7 da 8 kuma makunnin sanyi ne, ta nan wayar wutar firizar za ta bi. A F1 na sa digiri 3, a F2 tazarar digiri 2, a F3 jinkirin minti 5. Kada a raina F3. Kwamfuresar da ta tsaya aka tashe ta nan take, kafin matsin gas ya daidaita, ita ce ke ƙonewa.

Kuskurena na farko: na bar sansar tana lilo a cikin iska. Da an buɗe marfi sai kwamfuresa ta tashi, an rufe ta tsaya. Sai na manna ta a jikin robar ruwa, na lulluɓe da soso. Yanzu sanyin ruwa take aunawa, ba na iska ba.

Sai maganar famfo. Don Allah kada wanda ya huda jikin firiza. Bututun gas a cikin bangonta suke zagaye, ba ka ganinsu. Huji ɗaya ya kashe ta, kuma da yawa daga cikin na yanzu R600a ke cikinsu, gas ne mai kama wuta. Abin yi shi ne a kwance marfin, kafinta ya haɗa firam na katako daidai bakin firizar, a manna shi, a liƙa soson sanyi ta ciki, a mayar da marfin a kansa. A katakon ake huda wurin famfo da na wayar sansa.

Tunda jarkar tana ƙasa famfo yana sama, zoɓo ba zai hau da kansa ba. Masu giya gas suke turawa da shi. Ni ƙaramin injin jan ruwa mai volt 12 na sa, irin na ruwan sha, da tiyon roba mai kyau na abinci. Zoɓo yana da tsami, yana cin tagulla da alminiyam, saboda haka famfon ya zama na roba ko bakin ƙarfe marar tsatsa. Na gwada kunun aya, dusarsa ta toshe injin a rana ɗaya. Shi a bar shi a robobi a gefe.

Abu biyu na ƙarshe. A cika sauran wurin da jarkokin ruwa, su ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Sannan kullum da dare a wanke tiyon da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a buɗe magudanar ƙasa raɓar da ta taru ta fita. Sukarin da ya kwana a tiyo gobe cikin wani zai murɗa.

Ranar farko ta azumi na tsaya ina kallo ana kiran magariba, kofi na bin kofi, ba a ɗaga marfi ko sau ɗaya ba. Gwaggo ta miƙo min na farko ta ce, "Sha, ɗan nan, kuɗin makarantar bai tafi a banza ba."