Ƙirga a Inuwar Bazara

Bazara ita ce lokacin da ya ke tsakanin ƙarshen hunturu da faɗuwar damina, watau daga watan Maris zuwa na Mayu. A cikin waɗannan watanni zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri ya kan wuce digiri 40. Da rana ta take, babba da yaro kowa sai ya nemi zaure ko gindin darbejiya ya fake. Manoma suna ta sharar gona, sun zura wa gabas ido. Yara ƙanana kuwa, waɗanda ba su isa shiga makaranta ba, sai su yi ta kai da kawowa a tsakar gida, ba su da aiki sai ƙiriniya.

To, ku 'yan makaranta, ga wani aiki da za ku iya yi a wannan inuwa. Da wuya a sami wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa mai shekara 4 ko 5, in ba a gidansu ba, to, a maƙwabta. Kuna iya koya musu ƙirga tun ba a kai su aji ɗaya ba. Ba sai da allo da alli ba, ba kuwa sai an sayi kome ba. Bazara da kanta ta tanadi kayan aikin. Ga mangwaro ya nuna, ƙwallonsa zube ko'ina, ga goruba, ga kuma ɗorawa ta bushe ana kaɗowa.

Amma da fari sai ku san abin da a ke nufi da ƙirga. Don yaro ya iya cewa ɗaya, biyu, uku, har zuwa goma, ba shi ke nan ya iya ƙirga ba. Ai aku ma in an koya masa ya kan faɗi haka. Na sha gani in na je duba makarantu, yaro ya jero lambobi har ashirin ba tuntuɓe, iyayensa suna alfahari da shi, amma da an zuba masa duwatsu bakwai aka ce ya ƙirga, sai ya ce tara ne. Abin da ya faru shi ne bakinsa ya riga yatsansa gudu. Irin wannan yaro in an aike shi sayen ƙosai biyar, aka ba shi huɗu, haka zai dawo da murnarsa.

Ga yadda za ku fara. Ku sami mangwaro biyar ku wanke, ku ajiye a kan faifai, ku aje ƙwarya a gefe. Ku ce wa ƙanenku ya ɗauki mangwaro guda ya sa a ƙwarya, ya ce "ɗaya". Ya ɗauki wani ya sa, ya ce "biyu". Kada ya faɗi lamba sai hannunsa na riƙe da mangwaro, kada kuwa ya ɗauki biyu a lamba guda. Amfanin ƙwaryar shi ne ta raba wanda aka ƙirga da wanda ba a ƙirga ba, don kada ya maimaita wani ko ya tsallake wani. Biyar ta isa a kwanakin farko, gama ita ce yawan yatsun hannunsa, yana iya gwadawa ya gani.

In ya gama, sai ku kife faifan a kan ƙwaryar, ku tambaye shi, "Mangwaro nawa ne a ciki?" A nan ne za ku gane inda ya tsaya. Wani yaro sai ya buɗe ya sake farawa daga ɗaya, don a ganinsa "biyar" sunan mangwaron ƙarshe ne kaɗai, kamar yadda Auta ya ke sunan ɗan ƙarshe. Bai gane ba tukuna cewa lambar ƙarshe ita ce ke faɗin yawan abin da ke cikin ƙwarya duka. Kada ku yi masa dariya. Ku faɗa masa, "Ka tsaya a biyar, ke nan mangwaro biyar ne," gobe kuma ku sake da goruba ko da ludayi. Ran da kuka kife faifai ya ce "biyar" ba tare da ya leƙa ba, ran nan ya fara ƙirga ta gaskiya.

Akwai wani wasa kuma mai ban mamaki. Ku jera ƙwallon mangwaro shida a ƙasa, ku jera waɗansu shida a gabansu, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa. Yaro zai yarda daidai su ke. Sa'an nan, yana kallo, ku wawware jeri ɗaya ya yi tsawo, ku tambaye shi wanne ya fi yawa. Sau da yawa sai ya nuna dogon jerin, alhali ba ku ƙara kome ba, ba ku rage ba. Wani masani mutumin ƙasar Suwizalan, sunansa Jean Piaget, ya gwada yara da irin wannan wasa, ya rubuta abin da ya gani cikin wani littafi da ya fito a 1941. Ya lura yara da yawa ba su daina wannan ruɗewa sai sun kai shekara 6 ko 7. Saboda haka in ƙanenku ya faɗa wannan tarko, ba daƙiƙi ba ne, idonsa ne ya rinjayi lissafinsa. Ku sa shi ya ƙirga jerin nan biyu da yatsa, ya ji da kunnensa duka sun tsaya a shida.

Sai yaro ya zauna da gindinsa a wannan, sa'an nan a nuna masa lambobi a rubuce. Ku share ƙasa a inuwa, ku zana 3 babba da tsinke, ku aje ƙwallo uku kusa da ita. Ku kama yatsansa ya bi zanen yana faɗin sunanta. Rairayi ya fi takarda ga mai koyo, don in ya ɓata sai a shafe da tafin hannu, ba wanda ya yi hasara. Bayan 'yan kwanaki ku yayyanka tsohon kwali, ku rubuta 1 zuwa 5 da gawayi, kowace lamba a yankinta. Ku ɗaga guda, shi kuwa ya ruga ya kawo muku goruba daidai yawanta. Da yamma in rana ta yi sanyi, ku zana gidaje a ƙasa kamar na dara, kowane gida da lambarsa, ku kira lamba, yara su yi tsalle su dira a kanta.

Ku lura da 6 da 9, gama in an juya ɗaya ta zama ɗaya, sai ku ja layi a ƙarƙashin kowace don a san ƙasanta. Sifiri kuwa ba shi da wuyar koyarwa da bazara. Ku raba mangwaron nan ku sha, ku nuna wa yaro ƙwarya ba kome, ku ce ga ma'anar 0.

Waɗannan lambobi da mu ke rubutawa asalinsu daga ƙasar Hindu ne. Larabawa suka koya daga can, har wani malami a Bagadaza, Alkhawarizmi, ya rubuta littafi a kan lissafi da su wajen shekara ta 825. Daga Larabawa suka isa ƙasashen Turai, Turawa kuma suka zo mana da su cikin karatun boko. Amma da tafiya ta yi nisa, siffarsu ta sāke. In kun duba lambobin shafi a littattafan Larabci, za ku ga biyar ɗinsu ɗan zagaye ne kamar sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne kurum, shidansu kuwa ta yi kama da 7. Yaron da ke ganin iri biyun nan lalle a gaya masa, don kada ya gauraya su.

In yaro ya kai goma, kada ku yi gaggawa. Ku sa ya ƙirga tsinke goma ku ɗaure su dami guda, ku aje tsinke ɗaya a gefe, ku ce "goma sha ɗaya". Harshenmu ya sauƙaƙe wannan wuri, don sunan lambar da kansa yana faɗin abin da ke ƙasa. Dami biyu ashirin ke nan. Ashirin da talatin da arba'in kalmomi ne da muka aro daga Larabci. Kakanninmu gomiya biyu, gomiya uku su ke cewa.

Abu biyu zan ja muku kunne a kai. Kada ku ba ƙaramin yaro ƙwayar tsamiya ko kalwa ya ƙirga, don ya kan tura a hanci ko ya haɗiye. Ƙwallon mangwaro da goruba sun fi, gama sun fi ƙarfin bakinsa. Kada kuma ku ɗauko bulala wai ku malamai ne. Da kun ga ya fara hamma ko waige-waige, ku ba shi ruwan randa ya sha, ku sallame shi sai gobe.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin ƙwarya a wasan ƙirga mangwaro?
2. Don me yaro ya kan ce dogon jeri ya fi yawa?
3. Yaya kakanninmu su ke faɗin 40 kafin a aro arba'in?
4. Ka gwada wasan jeri biyu da ƙanenka yau, gobe ka gaya wa malam abin da ya ce.