Tafiretata ta fara cijewa

Tambaya: Ina buga wa mutane takardun koke da na rantsuwa a bakin kotu a Gwaram, da tsohuwar tafireta ƙirar Olympia. Tun shigowar hunturu haruffanta ke cijewa. An ce in zuba mata baƙin mai. Me kuka gani?

Amsa: Malam, don Allah kada baƙin mai ya kusance ta. Da ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama danƙo a tsagogin nan da ƙarafan haruffa ke kwance, kuma irin wannan danƙon ne ke kawo cijewar. Wurin a bushe ake son sa. Ka sayi sifirit a kemis, ka tsoma tsohon burushin haƙori, ka wanke tsagogin kana danna haruffan ɗaya bayan ɗaya har su saki. Cikin haruffan a da e da o, inda tawada ke daskarewa har harafi ya fito a toshe, ka ƙwaƙule da tsinken sakace, domin allura tana karce ƙarfen. Kada sifirit ya taɓa fentin jikinta.

Mai kuwa, na keken ɗinki, ɗigo biyu kacal a kan layin ƙarfen da kan injin ke gudu.

Ka riƙa saka takarda biyu, ta bayan ta kare robar da takarda ke naɗuwa a kanta daga bugun haruffa. In ribon ya gagara samu a Birnin Kudu, ka aika Kano, amma ka adana tsofaffin kwarkwaronsa, wani lokaci sabon ba ya hawa sai ka sake naɗa shi a kansu. In ka tashi daga aiki ka rufe ta da zane. Leda tana tara gumi da damina, tsatsa ta kama.